Yadda na bi diddigin lanƙwashewar ganyen inabi a lambuna

Lambuna yana gefen gonakin noman rani na ƙasar Kura a jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga yake ratsawa ta magudanai, kuma yawancin maƙwabtana manoman alkama ne da shinkafa da tumatir. Inabi ba abin da aka saba gani ba ne a wannan yanki, shi ya sa duk lokacin da wata matsala ta taso masa, mutum ba ya samun wanda zai tambaya a kusa kamar yadda mai tumatir ko mai albasa yake samu. Na rubuta wannan bayani ne domin wanda ya wayi gari ya ga ganyen inabinsa ya lanƙwashe ya san ta inda zai fara, da abin da zai riƙe a hannu idan zai je wurin malaman gona, da kuma abin da bai kamata ya kashe kuɗinsa a kai ba.

A ƙasarmu inabi ba ya yin barcin sanyi irin wanda yake yi a ƙasashen Turai, saboda haka mai lambu ne yake tsara masa lokaci ta hanyar datse rassa. Na datse nawa a farkon watan Nuwamba bayan ɗaukewar ruwan sama, domin 'ya'yan su nuna cikin rani lokacin da babu damshin da zai ruɓar da su. Toho ya fito da kyau, rassa suka hau rumfa, fure ya fara buɗewa. Wajen ƙarshen Disamba ne na lura cewa ganyayen da ke kan sababbin rassa sun daina buɗewa yadda suka saba. Gefunansu sun tattaro sama, tsakiyar ta lotsa kamar ƙoƙo, wasu kuma sun yi ƙanana ƙwarai, sun yi kauri a hannu, bakinsu ya fitar da tsini dogaye. Kan reshen da ya kamata ya miƙe yana neman abin kamawa ya sunkuya ya murɗe. Hankalina ya tashi matuƙa, domin wannan shi ne lokacin da fure yake ɗaure 'ya'ya, kuma wahalar shekara guda ta ban ruwa da taki duk a kansa ta rataya.

Wuri na farko da na nufa shi ne shagon maganin gona da ke kasuwa, ɗauke da 'yan ganyaye a hannu. Mai shagon ya jujjuya su, ya ce, "Malam, wannan ƙwari ne, haka suke yi wa barkono." Ya sauko mini da kwalbar maganin ƙwari da wata ta takin da ake fesawa a ganye, ya ce in haɗa su in yi feshi da yamma. Na ce masa, "Alhaji, ni ban ga ƙwaro ko ɗaya a jiki ba, kuma furen yana buɗe, ina tsoron in fesa abin da zai zubar da shi." Ya ce ai irin waɗannan ƙwari ba a ganinsu da ido. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin akwai ƙwarin da suke naɗe ganyen barkono waɗanda sai da gilashi ake ganinsu, amma bai tambaye ni ko wane ɓangaren lambun ne abin ya fi kamawa ba, bai tambayi yaushe ya fara ba. Kuɗin kwalaben biyu ya kusa na rabin buhun kamfa. Na yi masa godiya, na ce zan dawo idan na tabbatar, na fito ban sayi komai ba.

Daga nan sai ofishin malaman gona na ƙaramar hukuma. Na isa da safe na tarar malamin da ke kula da yankinmu ya fita zagayen gonakin alkama, aka ce in jira ko in dawo. Na zauna a benci har bayan azahar tare da wasu manoma da suka zo maganar iri. Da ya dawo ya saurare ni da natsuwa, ya rubuta sunana da wurin lambun da irin shukar a wani babban littafi, sannan ya dubi ganyayen da na kawo, waɗanda zuwa lokacin sun yi yaushi a aljihu. Ya ce, "Malam, da wannan ba zan iya ce maka komai ba. Ganyen da aka tsinke ya wuni a aljihu ko lafiyayye ne sai ya naɗe. Sai na je na ga itacen a tsaye." Ba a karɓi ko kwabo a ofishin ba, abin da ya rage a kaina shi ne man babur ɗinsa, kuma muka tsayar da rana a cikin makon.

Zuwansa lambun shi ne karo na farko da na ga yadda ake binciken shuka bisa tsari. Ya fito da ɗan gilashin ƙara girma wanda yake ninka abu sau 10, da farar takarda. Ya riƙa tara takardar a ƙarƙashin kan reshe yana kaɗa shi, duk abin da ya faɗo sai ya duba. Abu uku yake nema. Na farko wani ɗan koren ƙwaro ne mai tafiya a karkace idan an taɓa shi, wanda manoman auduga da kuɓewa suka sani sarai. Yana zama a bayan ganye yana tsotsa, sai bakin ganyen ya yi rawaya, ya lanƙwasa ƙasa, daga baya ya ƙone. Na biyu su ne siraran ƙwarin nan da ke cin ganyen albasa da furen wake, waɗanda suke kankare fatar ɗanyen ganye su bar tabo mai ƙyalli da ɗigo-ɗigon baƙin kashi. Na uku kuma farin ƙwaro ne mai lulluɓe da gari, wanda yake ɓuya a ƙarƙashin ɓawon itacen da mahaɗar rassa, yana fitar da danƙo mai jawo tururuwa. Ya ɓamɓare ɓawo a gindi da dama, ya juya ganyaye masu yawa. Abin da ya samu bai wuce 'yan siraran ƙwarin albasa ƙalilan ba, kuma adadinsu a itatuwan da suka lalace daidai yake da na itatuwan da ke lafiya. Ya kuma duba ko akwai farin ƙura-ƙuran nan na cutar fumfuna da ke kama ganyen inabi, wadda ita ma takan sa ganye ya tattare sama, bai gani ba. Ya tona ƙasa da hannu a gindin itace ya ga da damshi, ya ce ba ƙishirwa ba ce, domin itacen da ke jin ƙishi ganyensa duka ne yake yin laushi da rana, ba na kan reshe kawai ba, kuma yakan farfaɗo da yamma.

A ƙarshe ya ce, "Malam, ba ƙwari ba ne, kada ka fesa komai. Abin da ya rage shi ne ko ƙarancin wani sinadari a ƙasa, ko cutar da ke cikin jikin itacen, kuma waɗannan biyun ba a gane su da gilashin hannu." Ya rubuta mini takarda zuwa wata cibiyar binciken aikin gona, ya bayyana abin da ya gani da abin da bai gani ba, ya sa hannu da hatimi. Kalmar cuta ta tsaya mini a rai, domin na san idan cutar cikin jiki ce to babu magani sai tumɓukewa, kuma waɗannan itatuwa sun ɗauki shekaru kafin su fara ba da amfani.

Cibiyar tana da nisa, sai da na yi sammako na hau mota. A ƙofa aka rubuta sunana, aka tura ni sashen kare lafiyar shuka, inda na jira wata malama da kowa yake kira Dakta ta fito daga aji. Ta karanta takardar malamin gona, ta ce ya yi aikinsa yadda ya kamata, sannan ta zayyana mini irin samfurin da take so. Ta ce in yanko rassa cikakku tun daga tushensu har kai, ba ganye ɗaiɗai ba, wasu daga itatuwan da suka lalace wasu daga masu lafiya, in naɗe su a jarida, in kawo su da sanyin safiya, kada in ɗaure su a leda a bar su a rana domin za su dafe. Don gwajin sinadarai kuma ta ce ba faɗin ganyen ake so ba, ɗan tsinken da ke haɗa ganye da reshe ake tsinkowa, guda 60 zuwa 100 daga itatuwa daban-daban, a zuba a ambulan na takarda, ambulan ɗaya na ɓangaren da ya lalace ɗaya na ɓangaren da ke lafiya, a rubuta a bayan kowanne. Ƙasa kuma a ɗebo daga wurare da dama a kowane ɓangare, daga sama zuwa zurfin santimita 30, sannan daga 30 zuwa 60 domin saiwar inabi tana nitsawa, a cakuɗa na kowane zurfi daban, a shanya a inuwa. Ta ƙara da cewa in ɗauki hotuna da waya, na kusa da na nesa, in kuma zana taswirar lambun a takarda in yi alama a kan kowane itacen da abin ya taɓa. Wannan zanen, wanda a lokacin na ɗauka ƙarin wahala ne kawai, shi ne daga baya ya warware komai.

Na koma gida na haɗa duk abin da ta ce, na sake dawowa. Kafin a karɓi samfurin ƙasa da na tsinken ganye sai da na cike takarda mai tambayar irin shukar, da shekarunta, da takin da na zuba, da ruwan da nake ban ruwa da shi, sannan aka tura ni ofishin kuɗi na biya, na kawo rasit aka liƙa lamba a kowane ƙunshi. Ana biya ne bisa yawan samfuri da yawan sinadaran da mutum yake so a auna, saboda haka ni da na kawo ƙunshi huɗu na ƙasa da biyu na ganye sai da na biya kuɗin da ya haura na buhun taki a lokacin, ban da kuɗin mota. Aka ce sakamako sai bayan 'yan makonni, domin sai an busar, an niƙa, an kuma tara samfura da yawa kafin a kunna na'ura.

Rassan da na kawo kuwa a ranar Dakta ta baje su a kan tebur, kuma a nan ne ta cire mini tsoron da ya fi damuna. Ta yi mini bayanin cutar naɗewar ganye, wadda ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma tana yaɗuwa ta hanyar dashen reshe mai ɗauke da ita da kuma ta bakin farin ƙwaron nan mai gari. Ta ce alamarta takan fara ne daga tsofaffin ganyaye na gindin reshe, lokacin da 'ya'ya suke nuna, bakin ganyen ya naɗe ƙasa, faɗinsa ya yi ja idan baƙin inabi ne ko rawaya idan fari ne, jijiyoyin su zauna kore. Ta ɗaga ɗaya daga rassana ta ce, "Malam, dubi naka. Tsofaffin ganyayen lafiyarsu lau, 'yan ƙananan ne suka lalace, kuma sama suka tattare ba ƙasa ba." Ta ce akwai wata cutar bairos ɗin da ke canza siffar ganye ta sa ya yi kama da nawa, wadda tsutsar ƙasa ke yaɗawa, amma ita takan bayyana a gindi ɗaya ko 'yan gindin da ke kusa da juna, ta riƙa faɗaɗa a hankali shekara bayan shekara, ba ta kama itatuwa da yawa cikin mako guda. Sannan ta bi ta kan sinadarai. Ƙarancin fotash yakan nuna a ganyayen tsakiyar reshe, bakinsu ya ɗashe ya ƙone kafin ya lanƙwashe. Ƙarancin zinki yakan ba da ƙananan ganyaye masu ɗashewa tsakanin jijiyoyi. Ƙarancin boron yakan gajarta gaɓoɓin reshe ya kashe kansa, kuma ta ja kunnena cewa kada in kuskura in zuba boron da ka, domin tazarar da ke tsakanin ƙarancinsa da yawansa kaɗan ce, kuma idan ya yi yawa shi ma yana lanƙwasa ganye ya ƙona bakinsa.

Daga nan ta tsinko ganye ɗaya daga kan reshe ta ɗora shi a gefen lafiyayye. A lafiyayyen, manyan jijiyoyi biyar sun tashi daga wuri ɗaya sun bazu kowace ta nufi nata ɓangaren, kuma inda tsinke ya shiga akwai lungu mai zurfi. A nawa, jijiyoyin sun yi fari-fari, sun matso juna suna tafiya kusan a jere, lungun ya buɗe ya shafe, naman ganyen da ke tsakaninsu ya yi ƙuraje-ƙuraje saboda ba shi da wurin miƙewa, haƙoran bakin kuma sun zama siraran tsini. Ta ce wannan siffa, idan ta haɗu da murɗewar kan reshe, sa hannun wani rukunin maganin ciyawa ne wanda ke kwaikwayon sinadarin girma na shuka, kuma wanda aka fi amfani da shi a ƙasarmu shi ne 2,4-D, wanda manoma ke kira tufodi. Na ce, "Dakta, ni ban taɓa sa maganin ciyawa a lambuna ba, da fartanya muke nome shi, kuma injin feshina ban taɓa ba da aronsa ba." Ta ce ta yarda, amma ba sai na fesa da hannuna ba. Ta bayyana mini cewa tun shekarun 1940 ake amfani da wannan magani domin yana kashe ciyawa mai faɗin ganye ya bar hatsi, shi ya sa masu alkama da shinkafa da masara suke son sa, kuma inabi yana cikin shuke-shuken da suka fi kowanne rauni a gabansa, har kashi 1 cikin 100 na adadin da ake fesawa a gona ya isa ya canza masa siffar ganye. Ta ce in koma in dubi taswirata, in dubi ciyayin bakin shinge, in tambayi abin da aka fesa a kewaye mako ɗaya zuwa biyu kafin in ga alamar.

Na tambaye ta ko za a iya auna ganyen a ga maganin a ciki, domin in sami hujja a takarda. Ta ce ana yin irin wannan gwaji, amma yana buƙatar na'ura ta musamman, yana da tsada ƙwarai, kuma sai an tsinki ganyen da wuri an daskarar da shi a firiza, domin abin da ke shiga jikin itacen kaɗan ne kuma yana raguwa da kwanaki, har ta kai ga ana ganin ɓarnar a ido amma na'ura ba ta ga komai ba. A shawararta kuɗin ya fi amfani a wajen kula da itatuwan.

Da na dawo na shimfiɗa taswirar, sai abin ya fito fili. Layukan da ke arewa maso gabas su ne suka fi lalacewa, alamar tana raguwa layi bayan layi, har a kusurwar kudu maso yamma da ke bayan ɗakin ajiya babu ko ganye ɗaya da ya taɓu. Arewa maso gabas kuwa ita ce mashigar iskar hunturu, kuma a wannan gefen ne gonar alkamar maƙwabcina take. Na bi bakin shinge na ga zaƙi-banza da sauran ciyayi masu faɗin ganye sun murɗe sun sunkuyar da kai, alhali ciyawa mai siririn ganye tana tsaye kore shar. 'Yan gindin tumatir da yara suka dasa kusa da magudanar ruwa su ma karansu ya karkace, sabon ganyensu ya zama sirara. Babu ƙwaro ko ƙarancin taki da zai kama inabi da tumatir da zaƙi-banza lokaci guda, a gefe guda, ya tsallake ciyawa. Akwai kuma shaidar da ke jikin reshen kansa: ganyayen ƙasa lafiyayyu, sai jerin lalatattu a sama da su, wanda ke nuna cewa abu ne ya faru a rana ɗaya, kuma ganyayen da suke ƙanana a wannan rana su ne suka ɗauki ɓarnar.

Zuwa wurin maƙwabcin ya fi mini nauyi a kan duk ofisoshin da na shiga. Dattijo ne, ya girmi mahaifina, kuma tun kafin in sayi lambun yake noma a wurin. Na same shi bayan la'asar, muka gaisa sosai, sannan na ce, "Baba, wata matsala ce ta same ni a lambu, na zo neman taimakonka ne don in gane kanta." Na nuna masa ganyen, na tambaye shi ko an yi feshi a alkamar. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce an yi, makonni kaɗan bayan shuka kamar yadda aka saba, kuma samari 'yan kwangilar feshi ne suka yi, da hantsi, domin suna da gonaki da yawa da za su zagaya a ranar. Ya aika aka ɗauko galan ɗin da ya rage. A jikinsa an rubuta 2,4-D nau'in amin, mai ƙarfin giram 720 a lita, da lambar rajistar NAFDAC. Ranar da ya ambata ta zo daidai da lissafina. Dakta ta riga ta gaya mini cewa maganin iri biyu ne, akwai esta wanda yake tashi ya zama tururi idan rana ta yi zafi ya yi tafiya mai nisa ko bayan an gama feshi, akwai kuma amin wanda bai cika yin haka ba. Tunda amin ne, to ƙananan ɗigon feshin ne iska ta kwaso ta tsallako da su shinge a lokacin da ake aikin. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi ɗana, ban san yana tafiya haka ba. Da na sani da na hana su." Na gaskata shi, domin shekara da shekaru abin da ke kewaye da shi hatsi ne, wanda maganin bai cika yi wa illa ba.

Ban nemi diyya ba, amma na roƙe shi mu je wurin mai unguwa tare domin maganar ta zama ta kowa, tunda ba shi kaɗai ke feshi ba kuma ba ni kaɗai ke da shuka mai faɗin ganye ba. Mai unguwa ya kira masu gonakin da ke layin da shugaban samarin feshi, malamin gona ma ya zo. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙara na kawo ba, so nake a san abin da ya faru don kada gobe ya faɗa kan tumatirin wani." Aka yi magana cikin mutunci, aka amince cewa duk wanda zai fesa wannan magani ya sanar da maƙwabtansa tun da wuri, a yi feshin lokacin da iska ba ta da ƙarfi kuma ba ta nufi lambun kowa ba, a sassauta bugun famfo domin ɗigon ya yi kauri maimakon ya zama hazo, a riƙa sunkuyar da bakin sandar kusa da ciyawa, a kuma bar 'yan taku a bakin iyaka a nome su da hannu. Malamin gona ya ƙara da gargaɗin cewa injin da aka taɓa zuba wannan magani a ciki kada a fesa wa tumatir ko inabi maganin ƙwari da shi, domin ragowarsa tana maƙalewa a roba da tiyo, kuma ɗauraya da ruwa kawai ba ta fitar da ita.

Sakamakon gwaji ya fito bayan duk wannan. Na je da rasit ɗina aka ba ni takarda mai shafi biyu. Tsamin ƙasar yana cikin iyakar da inabi ke so, fotash da zinki da boron duk sun wadatar, kuma, abin da ya fi muhimmanci, babu wani bambancin kirki tsakanin ɓangaren da ya lalace da wanda ke lafiya. Takardar ba ta gaya mini abin da ya sami itatuwan ba, amma ta rufe ƙofar zargin taki, ta kuma hana ni zuba abin da ƙasar ba ta buƙata. Dakta ta ce babu maganin da ke warkar da ganyen da ya riga ya lalace, haka zai zauna har ya faɗi. Abin yi shi ne in ci gaba da ban ruwa a kan kari, kada in tura wa itatuwan yuriya da yawa da nufin su farfaɗo da sauri, kada in yi gaggawar yanke rassan domin ko lalataccen ganye yana ciyar da itace, in kuma rage 'ya'yan da ke kan gindin da suka fi jigata don kada nauyin ya ƙarasa su.

Haka na yi. A layukan tsakiya sababbin ganyaye suka fara fitowa da siffarsu ta asali, reshe ya zama lafiyayye a ƙasa, lalatacce a tsakiya, lafiyayye a sama. A layukan bakin shinge kuwa girman ya tsaya na tsawon lokaci, fure da yawa ya zube, gungun da suka ɗaure suka fito da giɓi, wasu 'ya'yan suka nuna wasu suka zauna kore a gungu ɗaya. Amfanin wannan gefen bai kai rabin abin da na saba samu ba, sauran lambun kuma ya ba da nasa. Bayan datsewar watan Afrilu, wasu daga gindin da suka fi shan wahala sun sake fito da 'yan ganyaye masu tsini a tohon farko, abin da Dakta ta riga ta ce mini yana iya faruwa idan maganin ya shiga jikin itace sosai, sannan suka daidaita. Babu gindi ko ɗaya da ya mutu.

Wanda ya ga irin wannan a lambunsa, kafin ya je ko'ina ya tsaya ya amsa wa kansa 'yan tambayoyi, domin su ne duk wanda ya san aikin zai yi masa: ganyayen kan reshe ne suka lalace ko na gindi, sama suka tattare ko ƙasa, jijiyoyin sun canza hanya ko launi ne kawai ya canza, abin ya kama gefe guda ne ko ya warwatsu, kuma wace shuka ce kuma ta taɓu a kusa. Ya rubuta ranar da ya fara gani, ya ɗauki hoto, ya zana lambun. Ya nemi malamin gona ya zo ya ga itacen a tsaye, domin wannan ziyara ita ce mafi arha a duk matakan kuma ita ce ke kawar da zargin ƙwari da ƙishirwa. Idan ta kama a je ɗakin gwaji, wanda yake kusa da Zariya yana da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, kuma jami'o'in da ke da tsangayar noma galibi suna da ɗakin auna ƙasa. Ya tafi da takardar malamin gona, da samfuri biyu-biyu na mai lafiya da marar lafiya, da kuɗin gwaji, ya kuma adana rasit domin da shi ake karɓar sakamako. Idan yana zargin maganin ciyawa kuma yana son hujjar na'ura, to ya tsinki ganyen a ranar da ya gani ya sa a firiza kafin ya fara neman inda za a auna.

Ni kuma a nawa ɓangaren na dasa layin dogayen itatuwa a gefen arewa maso gabas domin su rage ƙarfin iska, kuma yanzu kafin in datse inabi a watan Nuwamba nakan zagaya in tambayi maƙwabta ranar da suke sa ran shuka alkama, domin in san makon da za a yi feshi in kasance a lambun a ranar.